Monji Salim: Ɗan Afirka Na Farko Da Ya Shugabanci Babban Zauren Majalisar Ɗinkin Duniya

(Kiɗan buɗe shiri)

 Yau Arewacin Afirka muka nufa, ƙasar Tunisiya, ko da yake rabin labarin namu a birnin Niyok na Amurka ya faru.

Da yawa cikinmu mun tuna shekarar 2019, lokacin da aka zaɓi Farfesa Tijjani Muhammad Bande, mutumin jihar Kebbi, ya shugabanci Babban Zauren Majalisar Ɗinkin Duniya. Dattawanmu kuma ba su manta da Janar Joseph Garba ba, wanda ya hau wannan kujera a 1989. To amma wa ya fara hawanta daga nahiyar Afirka? In ka jefa wannan tambaya a majalisar hira, wani zai ce Kofi Annan, wani ya ce Butros Gali. Su biyun Babban Sakatare suka riƙe, wannan kuwa kujera ce dabam. Wanda ya buɗe ƙofar wani lauya ne ɗan Tunisiya mai suna Monji Salim, a watan Satumba na 1961. Ya taɓa riƙe ministan cikin gida, da ministan harkokin waje, da ministan shari'a, ya kuma yi jakadanci a Amurka. Abin da ya sa muka ɗauko shi yau shi ne mu ga yadda wakilin ƙaramar ƙasa, wadda ba ta da rundunar da za a ji tsoro, ba ta da dukiyar da za a yi wa fadanci, yake sa manya su saurare shi. Za kuma mu ga inda wannan dabara take tsayawa, domin tana da iyaka.

An haifi Monji Salim a birnin Tunis a shekarar 1908, shekara 27 bayan Faransa ta ɗora wa Tunisiya mulkin mallaka da yarjejeniyar Bardo ta 1881. Ɗan gidan manya ne. Ta wajen uba asalinsu yana komawa ga wani yaro Bagirke da aka kawo fadar sarkin Tunis, wanda ake kira Bey, ya tashi a can har ya zama babban hafsa. Ta wajen uwa kuwa ɗan gidan Bairam ne, zuriyar malamai masu asali da Turkiyya, waɗanda suka yi suna a fiƙihu da alƙalanci. Ya yi karatu a Kwalejin Sadiƙiyya, makarantar da waziri Hairuddin ya kafa a 1875 don haɗa karatun Larabci da na zamani, wadda kusan duk jagororin neman 'yancin Tunisiya ta nan suka bi. Daga nan ya wuce Faris, ya fara da lissafi, sannan ya koma shari'a.

Mai irin wannan gata da karatu, da ya ga dama sai ya buɗe ofishin lauya, ya yi zamansa lafiya da Faransawa. Sai ya shiga jam'iyyar Sabuwar Dustur, wadda Habib Burgiba da abokansa suka kafa a 1934. Bai daɗe ba ya ɗanɗana kuɗarsa. Ranar 9 ga Afrilu 1938 aka yi wata babbar zanga-zanga a Tunis, jami'an tsaro suka buɗe wuta, aka kashe mutane, aka kwashe shugabannin jam'iyya. Monji Salim na cikinsu. An tsare shi a Tunisiya, aka wuce da shi Faransa, bai dawo gida ba sai 1943, ana tsakiyar Yaƙin Duniya na Biyu. A Janairun 1952 aka sake kama shi rana ɗaya da Burgiba, aka kai su garin Ɗabarƙa da ke bakin teku, kusa da iyakar Aljeriya.

Masu sauraro, a lura da wani abu a nan. Burgiba mutum ne mai baki, in ya hau mumbari sai ya sa taro kuka ya sa su dariya. Monji Salim ba haka yake ba. Shi aikinsa tsara jam'iyya, riƙe rassa, karanta takarda layi-layi. Kowace gwagwarmaya tana buƙatar irin waɗannan mutane biyu, sai dai na farkon ake yi wa waƙa, na biyun kuwa sai ranar zama teburin sulhu ake neman sa.

Ranar kuwa ta zo. A 1954 Faransa ta sha kashi a Biyetnam, ga kuma 'yan tawaye a duwatsun Tunisiya sun hana ta barci. Ranar 31 ga Yuli na wannan shekara firaministan Faransa, Piyar Mandes Farans, ya sauka Kartaj ya shaida wa Bey cewa ƙasarsa ta yarda Tunisiya ta riƙa gudanar da harkokinta na cikin gida. Aka kafa gwamnati ƙarƙashin Ɗahir bin Ammar, aka naɗa Monji Salim cikin ministocin da za su je Faris a zauna a daddale. Watanni aka kwashe ana ja-in-ja kan 'yan sanda, da kotuna, da matsayin Faransawan da suka zauna a ƙasar. Ranar 3 ga Yuni 1955 aka sa hannu. Tunisiya ta samu cin gashin kai a cikin gida, amma tsaro da hulɗa da ƙasashen waje suka ci gaba da zama a hannun Faransa.

A nan jam'iyya ta dare gida biyu. Babban sakatarenta, Salah bin Yusuf, ya ce wannan yarjejeniya koma baya ce, ko dai cikakken 'yanci ko a ci gaba da faɗa tare da 'yan'uwa na Aljeriya. Burgiba ya ce a karɓi abin da ya samu, a tsaya a kansa a nemi na gaba. Monji Salim ɓangaren Burgiba yake, yana ma cikin waɗanda suka daddale takardar da ake rigima a kanta. A watan Satumba 1955 aka ba shi ministan cikin gida, daidai lokacin da rigimar ta tashi daga cacar baki ta koma sace mutane da kisa. A Janairun 1956 aka fara kamen magoya bayan bin Yusuf, shi kuwa ya tsallake zuwa Libiya. Daga baya, a 1961, aka bi shi har birnin Farankfot na Jamus aka kashe shi. Ba za mu tsallake wannan babi ba, domin mutanen Tunisiya da kansu ba su tsallake shi ba. Hukumar Gaskiya da Mutunci da suka kafa bayan juyin juya halin 2011, don bin diddigin zaluncin gwamnatocin baya, daga watan Yulin 1955 aka ce ta fara lissafi.

Ta fuskar sakamako dai lissafin Burgiba ya fita. Watanni tara da 'yan kwanaki bayan waccan yarjejeniya, ranar 20 ga Maris 1956, Faransa ta amince da cikakken 'yancin Tunisiya, kuma Monji Salim na cikin tawagar da ta je ta karɓo shi.

(Ɗan gajeren kiɗa)

In yanzu kuka kama mu, muna magana ne kan Monji Salim na Tunisiya.

Sabuwar ƙasa tana buƙatar fuska a waje. Burgiba ya tura shi Amurka da hula uku a kai: jakada a Washinton, jakada a Kanada, sannan wakilin dindindin a Majalisar Ɗinkin Duniya, wadda Tunisiya ta shiga ranar 12 ga Nuwamba 1956, rana ɗaya da Maroko da Sudan. A lokacin ƙasashen Afirka da ke zauren ba su cika yatsun hannu biyu ba.

Ko zama bai gama yi ba aka ɗora masa aiki mai zafi. A ƙarshen 1956 tankokin Tarayyar Sobiyet suka murƙushe boren mutanen Hangari. A Janairun 1957 Babban Zaure ya kafa kwamitin bincike na ƙasashe biyar: Ostareliya, Silon wadda yanzu ake kira Siri Lanka, Denmak, Urugwai da Tunisiya. Gwamnatin Hangari ta hana su shiga ƙasar, don haka suka bi 'yan gudun hijira suka saurari shaidu fiye da 100. Rahoton da suka fitar a watan Yuni bai yi wa Mosko daɗi ba, ya ce boren na mutanen ƙasa ne da kansu, kuma ƙarfin waje ne ya danne shi. Wani zai ce me ya kai wakilin ƙasa 'yar wata tara cikin rigimar Turai? Amsar tana cikin abin da ke gabansa. Mutumin da zai tsaya gobe ya ce sojan Faransa ba su da hurumin zama ƙasarsa ba da yardarta ba, ba zai iya kau da kai yau ba don sojan da ake magana na Rasha ne. Wannan sa hannu ya saya masa amana a wurin wasu, ya kuma saya masa gaba a wurin Rashawa, gabar da za ta dawo ta tare masa hanya bayan shekara huɗu.

Gobe kuwa ba ta yi nisa ba. Yaƙin 'yancin Aljeriya na ci, mayaƙan Aljeriya suna fakewa a Tunisiya, suna tsallakawa su kai hari su dawo. Ranar Asabar 8 ga Fabrairu 1958 jiragen yaƙin Faransa suka yi ruwan bama-bamai kan ƙauyen Saƙiyat Sidi Yusuf da ke bakin iyaka. Ranar kasuwa ce. Mutane kusan 70 suka mutu, cikinsu har da yara 'yan makaranta. Tunisiya ba ta da jirgin da za ta rama da shi. Abin da take da shi Monji Salim ne da jakar takardunsa. Ya kai ƙara Kwamitin Sulhu.

A nan ne za mu ga gwanintar. Ya san sarai Faransa tana da ikon hawa kujerar na-ƙi, ba wani ƙuduri da zai wuce a kanta. To me ƙarar za ta tsinana? Faransa ta dage shekara da shekaru cewa batun Aljeriya harkar cikin gidanta ce, ba ruwan kowa. Ƙarar Tunisiya ta fito da shi tsakar gida, kowa na gani. Amurka da Ingila, waɗanda ba sa so a tilasta musu zaɓi tsakanin ƙawarsu Faransa da sababbin ƙasashe a gaban idon Rasha, sai suka yi maza suka ce za su shiga tsakani. Amurka ta turo Robat Mafi, Ingila ta turo Harold Bili. Shigowar baƙi cikin maganar ita ce ta harzuƙa 'yan majalisar Faransa har suka kayar da gwamnatin Feliks Gayar a watan Afrilu. Rikicin da ya biyo baya shi ya dawo da Janar De Gol kan mulki. A watan Yunin 1958 aka yi yarjejeniya Faransa ta kwashe sojojinta daga dukkan sansanoninta na Tunisiya, in ban da guda ɗaya, sansanin sojan ruwa na Binzart. Ku riƙe wannan suna, za mu dawo kansa.

A shekarun 1959 da 1960 Tunisiya ta samu kujera a Kwamitin Sulhu, kuma ita kaɗai ce ƙasar Afirka a teburin. Wato lokacin da ƙasashen Afirka 16 suka shiga Majalisar a 1960, ciki har da Nijar, Kamaru da Cadi a watan Satumba, da Najeriya ranar 7 ga Oktoba, takardunsu ta gaban Monji Salim suka bi kafin su isa Babban Zaure. Akwai wadda tata ta maƙale, Muritaniya, domin Maroko tana cewa yankinta ne. Tunisiya ta goyi bayan Muritaniya duk da ɓacin ran maƙwabciyarta, Rasha ta hau kujerar na-ƙi, maganar ta kwana har shekara mai zuwa.

Amma babban gwajin shi ne Kwango. Ranar 30 ga Yuni 1960 ta samu 'yanci daga Beljiyam. Cikin mako guda sojoji suka yi bore, Beljiyam ta sauke dakarunta ba tare da izinin kowa ba, ranar 11 ga Yuli kuma Moyis Combe ya ce lardin Katanga mai arzikin tagulla ya ɓalle. Shugaba Kasabubu da firaminista Patris Lumumba suka nemi agajin Majalisar. Babban Sakatare Dag Hamashol, ɗan ƙasar Suwidin, ya kira taron gaggawa daren 13 ga Yuli. Daftarin da aka tattauna a kansa Tunisiya ce ta gabatar.

Ku dubi tsaka mai wuyar da Monji Salim yake ciki. Rasha na so a kira abin da Beljiyam ta yi da sunan mamaya, a yi tir da ita. In aka rubuta haka, Faransa ko Ingila za su kashe daftarin. In kuma aka ƙi ambaton janyewar Beljiyam, Rasha za ta kashe shi, 'yan Afirka kuma su ce an sayar da su. Sai ya rubuta abu gajere: Beljiyam ta janye sojojinta, a kuma ba Babban Sakatare izini ya kai wa gwamnatin Kwango taimakon soja. Bai sa ranar janyewa ba, bai zagi kowa ba. Kafin gari ya waye ranar 14 ga Yuli ƙuduri mai lamba 143 ya wuce da ƙuri'a 8, ba mai adawa, ƙasashe 3 suka ƙaurace. Washegari sojojin Tunisiya suka fara sauka a Liyopolbil, birnin da yanzu ake kira Kinshasa, suna cikin na sahun farko tare da na Gana. Wannan runduna ita ce daga baya sojojin Najeriya suka shiga, inda matasan hafsoshi irin su Murtala Muhammad da Olusegun Obasanjo suka yi aiki, har Janar Agwiyi Ironsi ya zama kwamandanta a 1964.

Sai dai abin da aka bari a dunƙule don a samu wucewa, shi ya zama abin rigima daga baya. Lumumba ya fahimci cewa an turo rundunar ne ta taya shi murƙushe Katanga. Hamashol ya ce a'a, ba a ba shi izinin shiga faɗan cikin gida ba. Suka ɓata. Monji Salim ya tsaya bayan Hamashol. Da aka kashe Lumumba ranar 17 ga Janairu 1961, fushin Afirka ya faɗa kan Majalisar da duk wanda ya kare ta. Ƙasashe irin su Gini, Maroko da Masar suka janye sojojinsu. Afirka ta rabu, ga rukunin Kasabalanka masu zafi, ga rukunin Monrobiya masu sassauci, inda Tunisiya ta zauna tare da Najeriya ta Sa Abubakar Tafawa Ɓalewa. A ganina, masu sauraro, ƙudurin na 143 ya hana Kwango zama filin dagar Amurka da Rasha kai tsaye, wannan kuwa ba ƙaramin abu ba ne. Amma bai ceci Lumumba ba, kuma duk mai yabon hikimar daftarin dole ya haɗa da wannan a lissafinsa.

(Ɗan gajeren kiɗa)

Yanzu sai mu koma Binzart. Gari ne a ƙuryar arewacin Tunisiya, mai tashar ruwa da ke kallon mashigin da ke tsakanin Afirka da tsibirin Sisili, don haka De Gol ya ƙi sakinsa. A watan Fabrairu 1961 Burgiba ya je Faransa suka gana, bai samo ranar tashi ba. Da damina ta kama a nan wajenmu, Faransawa suka fara faɗaɗa filin saukar jiragen sansanin ba tare da sun nemi izini ba. Burgiba ya tura sojoji da dubban matasa 'yan sa-kai su yi wa sansanin ƙawanya. Ranar 19 ga Yuli aka fara harbi. Faransa ta kawo sojojin laima daga Aljeriya, da jiragen sama da na ruwa. Cikin kwana huɗu mutanen Tunisiya fiye da 600 suka mutu bisa lissafin hukuma, Faransawa kuwa ashirin da 'yan kai. Gaskiya ɗaya ce, an tura yara marasa makamin kirki gaban rundunar da ta ƙware a yaƙi, kuma alhakin wannan lissafi yana wuyan Burgiba.

Abin da aka rasa a fagen fama sai aka ce Monji Salim ya nemo shi a zaure. Ranar 22 ga Yuli Kwamitin Sulhu ya yi kiran tsagaita wuta. Hamashol da kansa ya tafi Tunisiya, ya nufi Binzart, sojojin Faransa suka tare motarsa suka bincike ta, kwamandan sansanin kuma ya ƙi ganinsa. Da Kwamitin ya kasa ɗaukar wani mataki bayan wannan, sai Monji Salim ya bi ɗaya ƙofar da dokar Majalisar ta tanada. Ya bi wakilai ɗaya bayan ɗaya har ya tara rinjayen da ake buƙata don kiran zama na musamman na Babban Zaure, inda ba mai kujerar na-ƙi. Aka zauna daga 21 zuwa 25 ga Agusta. Faransa ta ƙi halarta. Ƙasashe 66 suka goyi bayan Tunisiya, ba ko ɗaya da ta yi adawa, 30 suka ƙaurace, cikinsu har da Amurka da Ingila.

To Faransa ta tashi? Ba ta tashi ba. Sai da ta gama da batun Aljeriya a 1962, ta ga sansanin ya rage mata amfani, sannan sojanta na ƙarshe ya bar Binzart ranar 15 ga Oktoba 1963, ranar da har yau hutu ce a Tunisiya. Ga iyakar da na ce za mu gani. Ƙuri'ar Babban Zaure ba ta ɗaga soja daga inda ya kafa tanti. Abin da take yi shi ne ta tsadanta masa zaman, ta hana shi cewa yana da gaskiya, ta kuma mayar da tambayar daga ko zai tashi zuwa yaushe zai tashi.

Ba a yi wata guda da wannan ƙuri'a ba sai ga mummunan labari. Daren 17 wayewar 18 ga Satumba 1961 jirgin Hamashol ya faɗi kusa da garin Ndola, a ƙasar da yanzu ake kira Zambiya, yana kan hanyar ganawa da Combe. Majalisar ta wayi gari ba Babban Sakatare, ga zama na 16 zai buɗe. Ranar 20 ga Satumba aka zaɓi Monji Salim shugaban Babban Zaure da kusan dukkan ƙuri'u, ya gaji Farederik Boland na Ailan. Kwana biyar bayan haka yana zaune a kan kujerar lokacin da shugaban Amurka Jon Kenedi ya yi wa zauren jawabi.

Lokacin kuwa Majalisar tana bakin rami. Tun 1960 shugaban Sobiyet, Nikita Kurushof, yake neman a soke muƙamin Babban Sakatare a maye shi da mutum uku: ɗaya na Yamma, ɗaya na 'yan gurguzu, ɗaya na 'yan ba-ruwanmu. Da an yi haka, kowane aiki sai ukun sun yarda, wato ba aikin da zai yiwu. An ambaci sunan Monji Salim cikin waɗanda za su iya gadon Hamashol, Amurka ma tana sonsa, amma Rasha ba ta manta da Hangari da Kwango ba. Bayan makonni ana kai-komo aka daidaita kan U Tant na ƙasar Bama, wanda Babban Zaure ya naɗa riƙo ranar 3 ga Nuwamba, Monji Salim yana jagorantar zaman. Maganar mutum uku ta mutu daga nan.

A wannan zama ne aka karɓi Saliyo, da Mongoliya, da Tanganyika, da Muritaniyar nan da takardarta ta maƙale. A cikinsa ne zauren ya tsawata wa ministan harkokin wajen Afirka ta Kudu, Erik Lau, kan jawabin da ya yi yana kare wariyar launin fata. A cikinsa ne kuma, a watan Nuwamba, aka kafa kwamiti na musamman don bibiyar yadda ake aiwatar da shelar kawo ƙarshen mulkin mallaka ta 1960, kwamitin da har gobe yana nan yana aiki.

Da wa'adinsa ya cika a 1962 ya miƙa wa Muhammad Zafrulla Khan na Pakistan, ya koma gida ya zama ministan harkokin waje. Yana kan wannan muƙami aka kafa Ƙungiyar Haɗin Kan Afirka a Adis Ababa a watan Mayu 1963. Shugabannin suka zaɓi ministocin ƙasashe huɗu, Laberiya, Madagaska, Saliyo da Tunisiya, su je Kwamitin Sulhu da yawun nahiyar baki ɗaya kan mulkin mallakar Fotugal da wariyar Afirka ta Kudu. A watan Agusta na wannan shekara Kwamitin ya zartar da ƙuduri mai lamba 181, wanda ya yi kira ga ƙasashe su daina sayar wa Afirka ta Kudu makamai. Kira ne kawai, ba dole a cikinsa, sai a 1977 ya zama tilas. Amma daga nan aka fara.

A 1964 Burgiba ya ɗauke shi daga ma'aikatar ya ba ɗansa na cikinsa, Habib Burgiba ƙarami. Aka mai da Monji Salim wakilin shugaban ƙasa na musamman, sannan a 1966 aka naɗa shi ministan shari'a. Tunisiyar da ya dawo ya tarar kuwa ta zama ƙasar jam'iyya ɗaya, an haramta jam'iyyar 'yan gurguzu tun 1963, ba wata murya sai ta shugaba. A 1968, yana riƙe da ma'aikatar shari'a, aka kafa Kotun Tsaron Ƙasa, wadda a watan Satumba ta gurfanar da ɗalibai da malaman jami'a fiye da 100, ta yanke wa wasunsu ɗaurin shekaru masu yawa saboda ra'ayinsu da zanga-zangarsu. Mutumin da ya sha ɗauri sau biyu saboda siyasa, wanda ya zauna ya saurari kukan mutanen Hangari, bai ajiye muƙaminsa ba. Irin wannan kuwa ba a Tunisiya kaɗai aka gan shi ba. Da yawa daga cikin mutanen da suka fi kowa iya kare haƙƙin ƙasashensu a waje, sun yi shiru lokacin da ake danne haƙƙin 'yan ƙasa a gida. A wurina wannan tabo ne a tarihinsa, kuma nasarorin Niyok ba su goge shi ba.

Yana wannan ma'aikata har shekarar da Allah ya yi masa rasuwa. Ya rasu a Tunis ranar 23 ga Oktoba 1969, yana da shekara 61. Ƙanensa, Ɗayyib Salim, shi ma jakada ne, ya kuma wakilci Tunisiya a Majalisar bayansa. Yau akwai babban asibitin koyarwa a garin Marsa, kusa da Tunis, mai ɗauke da sunan Monji Salim.

Ɗalibanmu masu karanta tarihi da hulɗar ƙasashe, bayanan zaman Kwamitin Sulhu na daren 13 ga Yuli 1960 suna nan a shafin Majalisar Ɗinkin Duniya na intanet, kyauta. Ku nemo su ku karanta, ku ga yadda aka tsara wancan gajeren daftari, sannan ku aiko mana da ra'ayinku kan ko ya kamata a bar shi a dunƙule ko a fayyace.

A nan za mu dasa aya.  

(Kiɗan rufe shiri)